Zabdai da Tafin Antakiya

Zabdai ɗan marini ne, amma tun da ya iya karatu ya daina gaisawa da masu baƙin hannu. Shi ke karanta mana Littafi a majami'ar ƙauyenmu, kuma murya kam Allah ya ba shi. Kan ne fayau. Ka tambaye shi ma'anar abin da ya gama karantawa, sai ya gyara wuyan riga ya ce maganar tana da zurfi.

Sau ɗaya ya je Antakiya ya ga yadda ake yi wa masu wa'azin birni: jama'a na tafi, ana kaɗa mayafai, masu saurin rubutu na zaune a gindin mumbari suna kwashe duk abin da ya fito daga bakin mai wa'azi, har tsawar da ya daka wa masu surutu. Tun daga ranar ya kamu. Ba ceton rayukanmu ya dame shi ba, tafin yake so.

Da tsohon limaminmu ya rasu, bishop ya ce zai zo ya saurari Zabdai, in ya gamsu ya ba shi kujerar wa'azi. Shekarar nan zaitun bai yi ba, yara biyu sun mutu a unguwarmu, kowa na jiran kalmar da za ta sanyaya masa zuciya. Shi kuwa gogan naka sai ya sayar da jakin ubansa, ya sayo wa'azin wani shahararre daga hannun marubutan birni, ya kulle kansa yana hadda.

Ran Lahadi bishop ya zo, muka tsaya bisa al'ada, Zabdai ya zauna ya fara. Ya zage mu tas kan zuwa kallon tseren dawaki, mu da ko alfadari sai mun ara. Ya tsine wa matanmu kan 'yan kunnen zinariya. Majami'a tsit, ƙuda kaɗai ke kuka. Can sai ya ɗaga hannu biyu, ya yi murmushi ya ce, "Haba 'yan'uwa, ya isa haka! Ku daina tafin nan, ba yabonku nake nema ba."

Muka dubi juna. Tsohuwa Shalmat, wadda ta binne jikanta a makon, ta ce da ƙarfi, "Ɗan nan, wa ya tafa maka? Ko kunnena ne ya mutu?"

Tambayar nan ba ta cikin takardar da Zabdai ya haddace. Kalma ɗaya tasa ta kansa da ta fid da shi, ko sannu ce ya yi wa matar nan. Ina! Sai ya koma farkon layin da ya tsaya, ya sake cewa, "Haba 'yan'uwa, ya isa haka."

Bishop ya miƙe ya ce, "Gaskiyarka, ɗana, ya isa."

Wani aka ba kujerar. Zabdai ya tsufa yana karanta maganar wasu, ni kuwa ban taɓa jin tausayinsa ba. Tafi dai ya samu: har ya mutu, in ya ratsa kasuwa sai mahauta da masu man zaitun sun ajiye aiki sun tafa masa. Yakan rage sauri, kuma ko sau ɗaya bai ce a daina ba.