Maƙwaƙƙwafi a Magaryar Gidanmu

A Makka aka haife ni, a unguwar Hindawiyya, amma tarbiyyar Kano aka yi mini tsaf, babu abin da aka rage a hanya. Cikin abin da iyayenmu suka ƙetaro da shi ta Sudan har da kunyar ɗan fari. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Maƙwabciyarmu Balarabiya takan yi mini dariya, wai mu Takari mun haifi ɗa mun mai da shi suruki. Ni ko a jikina. Haka na tarar, kuma alfahari nake yi da cewa ko sau ɗaya ba a taɓa kama ni ina kallon yaron ba.

Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne bayan yaƙin Turawa ya lafa, lokacin da alhazai suka soma dawowa da yawa. Gidanmu na katako ne da gwangwanin kananzir da aka buɗe aka shimfiɗa. Mu huɗu ne a ciki: ni, da maigidana mai ga-ruwa, wanda kan tafi dako Mina in aikin hajji ya zo, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, sai yaron. A tsakar gidan akwai wata tsohuwar magarya, rabinta a bushe. Ba mu taɓa sare mata ko reshe ba, don itacen Harami ba a taɓa shi, haka ma tsuntsun Harami, ko korarsa ba a yi. Inna ta rataye wani fasasshen kasko a jikin reshe, kullum tana zuba ruwa da tsakin dawa da ɗan ragowar gurasa. Ta ce wanda ba shi da abin ba wa mutum, ya ba tsuntsu, lada dai lada ce.

Yaron ya shiga shekara ta uku bai ce uffan ba. Sa'o'insa har sun iya zagi da harshe biyu, shi kuwa sai murmushi da nuni da yatsa. Wannan abu ya tsaya mini a rai, ina kwana da shi ina tashi da shi. Tsorona ɗaya ne, kada a ce yaron ba ya ji. To wa zan gaya wa? Uwar ɗan fari ta buɗe baki ta ce ta damu da shi? Ai sai a ce ba ta da ta-ido.

A hannun Inna yake tun da aka yaye shi. "Maigidana" take ce wa jikan nata, tana tsokanarsa wai ya hana ta kuɗin cefane. Amma Inna mace ce da ba ta magana sai da hannu, in za ta kira ka sai ta dafa ka ko ta ja rigarka, don haka kullum yana juyowa. In wata baƙuwa ta yi zancen shirunsa, sai Inna ta taso mata, ta ce ubansa ma sai da ya yi wayo ya yi magana, kuma ga shi yau ba a iya rufe masa baki. Tana da wata hujja da ba a ja da ita. Da azumi, in aka buga igwar shan ruwa daga kan dutse, yaron kan zabura ya ruga ya ƙanƙame ta. Sai ta dubi kowa ta ce, to, kurma ne wannan? Ni ma da igwar nan nake rarrashin zuciyata.

Azumin shekarar ya zo cikin zafi mai tsanani. Da ya raba tsakiya na zauna aikin da nake yi kowace shekara, wato kayan rabon Sallah. Mu ba masu kuɗin ba wa yara idiyya ba ne, kamar yadda mutanen gari ke kiran goron Sallah, amma ina da hannu. Da kabar dabino nake saƙa wa manya mafitai, in rina bakinsu ja da kore. Yara kuwa caki nake yi musu: in sami ƙaramin gwangwani, in zuba ƙwallon dabino da 'yan tsakuwa, in rufe, in saƙe shi da kaba har da mariƙi. Iyayensu suna tsine mini a ɓoye saboda ƙara, amma duk Sallah sai sun turo su. A gindin magaryar nake zama, da yake nan ne kaɗai inuwa, ina saƙa ina kallon tattabaru da gwarare suna kokawa a kan kasko.

Ran nan da hantsi sai na ji ƙwaƙ-ƙwaƙ-ƙwaƙ a sama da kaina. Na ɗauka wani ne ke gyaran ƙofa. Ina ɗaga ido na ga wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa, da ɗan ja a ƙeyarsa, ya manne a jikin busasshen reshe a tsaye, yana saran itacen da baki kamar an biya shi. Inna ta fito da carbinta, ta tsaya ta saki baki. Ta ce maƙwaƙƙwafi ne, rabonta da shi tun tana budurwa a ƙauyensu. Har da ƙwallarta. Da maigidana ya dawo ya ce yakan ga irinsa a itatuwan hanyar Ɗa'ifa, ƙila fari ne ya koro shi daga duwatsu. Tsuntsun ya ga wuri. Kullum sai ya zo, ya sha ruwa a kasko, ya koma kan reshensa ya kama aiki.

Yaron ya ƙwallafa rai a kansa. A nan ne idona ya soma ganin abin da ban so gani ba, don mai saƙa kanta a sunkuye yake, amma gefen idonta a buɗe. In yaron ya jingina bayansa da magarya, da tsuntsun ya fara sara sai ya yi firgigit ya ɗaga kai yana dariya. In kuwa yana can bakin randa yana wasa da ƙasa, tsuntsun zai yi ta bugu har kaina ya yi ciwo, yaron ko gezau. Na ce a raina wasa ne ya ɗauke masa hankali. Washegari haka. Wanshekare ma haka. Daga baya shi da kansa ya gano dabara, in ya hango tsuntsun sai ya rugo ya manna tafin hannunsa da kumatunsa a jikin itacen, ya lumshe ido yana jira.

Na tuna igwa. Ai in aka buga ta har gwangwanin bangonmu sai ya karkaɗa, ƙasa ma tana motsi a ƙarƙashin ƙafa. Ashe mai yiwuwa ba da kunne yake jin ta ba.

Sauran kwanakin azumin nan ban san yadda na yi su ba. Saƙa ta dinga kwance mini, na ɓata mafitai ban san adadi ba, Inna tana cewa yunwa ce ta taɓa ni. In ta shiga ɗaki sallar walaha sai in lallaɓa bayan yaron in girgiza caki. Sau ɗaya ya juyo, na ji kamar an ba ni duniya, sai na lura inuwata ce ta faɗo a gabansa. Na gwada daga inda babu inuwa, bai juyo ba. Na sake ce wa kaina ai yara haka suke, in sun sa kai a wasa ko aradu ba sa ji. Na yi wa maigidana zancen a kaikaice, na ce yaron gidan nan fa shirunsa ya yi yawa. Ya dube ni da mamakin yadda na iya ɗauko maganar, ya ce in bar wa Inna, ita ta san yara. Wallahi na ji haushinsa ranar, na ji haushin Inna, na ji haushin kaina da na zauna ina gwada ɗana da gwangwani kamar ɓarauniya. Gwaji ɗaya ya rage, wanda kowace uwa a duniya take yi ba tare da tunani ba, ni kuwa bakina bai taɓa yin sa ba.

Ranar Sallah da safe, bayan an sauko daga Harami, tsakar gidanmu ta cika da yaran unguwa cikin sababbin kaya. Na raba caki, gida ya kaure da ƙara. Iyaye mata suna zaune a tabarma tare da Inna, kowace da sabon maficinta, ana shan shayi. Yaron yana sanye da 'yar farar riga da ubansa ya ɗinka masa. Na sa wata yarinya ta miƙa masa nasa cakin, don ni ba zan ba shi da hannuna a gaban mutane ba. Ya karɓa, ya ga yadda sauran ke yi, ya girgiza. Ya dube shi. Ya sake girgizawa. Sai ya kai shi bakinsa, ya ciji mariƙin da haƙora, ya kaɗa kai, nan ne fuskarsa ta washe. Ya juya mana baya ya nufi randa da abinsa a baki.

Ban yi shawara da kowa ba, har da zuciyata. Na miƙe tsaye a gaban surukata da matan unguwa, na kira sunansa da iyakar ƙarfina.

Mafitai suka tsaya. Yara suka yi tsit, kowa ya juyo. Tattabarun da ke kan kasko suka tashi fir, har maƙwaƙƙwafin. Mutum ɗaya ne a gidan nan bai juyo ba. Sai da inuwar tsuntsayen ta gifta ta kansa ya ɗaga ido sama yana yi musu dariya.

Na tsaya ina jiran faɗan Inna, don na san na yi abin da za a daɗe ana faɗi. Ta ajiye finjalinta a hankali. Sai ta ce, "Sake kira, 'yar nan. Ƙila bai san muryarki da sunan ba."

Na sake. Ita ma ta kira daga inda take zaune, karo na farko ba tare da ta taɓa shi ba. Sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Na taka har bakin randa, na durƙusa, na ɗauke shi a gaban kowa. Ya yi ta kallona, don bai saba ba. Na kama ɗan tafin hannunsa na manna a maƙogwarona, yadda na ga yana yi wa magarya, na faɗi sunansa a hankali. Ya zaro ido. Ya danna hannun da ƙarfi, ya matso da kumatunsa ya lumshe ido, yana jira in sake.