Zuwa Suna a Stapleton Bayan An Rage Mini Ciki

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka fito daga Tremont, ni da ƙanwata, za mu Stapleton sunan jikar gwaggonmu. Na san masu bin shafin nan za su ce wannan ma tafiya ce, duk cikin New York? To ni a wurina ta fi zuwa Kano nisa. Shekara biyu ban je ko'ina ba sai asibiti. Ƙiba ta danne ni, ciwon damuwa ya ƙarasa ni. Sai in wuni a ɗaki ina kuka ba dalili, in na gaji da kukan in buɗe tukunya. Wata takwas da suka wuce aka yi mini tiyatar rage ciki, kuma duk dangi ba wanda ya sani sai ƙanwar nan tawa.

Na zaci tare da cikin za a yanke damuwar. Ina! Bayan tiyata ta dawo da ƙarfinta, ga shi an raba ni da abincin da nake rarrashin kaina da shi. Likitar da nake gani duk Laraba ta ɗora ni a kan magani, ta ce in fara shiga mutane. Tsorona ɗaya ne: in aka tsare ni da tambaya a gidan suna, zan koma ɗakina in kulle, ban san ranar sake fitowa ba.

Matattakalar tashar jirgin ƙasa ta Burnside na hau tun daga ƙasa har sama ban tsaya hutu ba. Jama'a, ni ɗin nan! Kuɗin jirgi dala uku ba kwata. Ƙarfen nan mai juyawa da ake shiga ta cikinsa, wanda a da sai na karkace ina nishi, sul na wuce. A jirgi kujera ɗaya ta ishe ni, har wata ma'aikaciyar jinya ta zauna kusa da ni ta yi barcinta a kafaɗata. Ƙanwata ta ce in ture ta, na ce ƙyale ta, daɗi nake ji.

A ƙarshen Manhattan muka hau feri, ƙaton jirgin ruwa ruwan lemo, kuma kyauta ne, a garin da ko ruwan sha sai ka saya. Na fita waje na riƙe ƙarfe, iska tana neman ƙwace mini mayafi. Sai ga mutum-mutumin matar nan mai ɗaga wuta sama. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Na rangaɗa guɗa, wasu Turawa suka tafa mini, ƙanwata ta matsa gefe kamar ba ta san ni ba. Daga bakin ruwa bas muka shiga, ta sauke mu kusa da wani shagon 'yan Afirka da ƙamshin manja da busasshen kifi ke fitowa har titi.

Gidan suna ya cika maƙil, ga Hausar Kano, ga ta Kumasi, ga ta Yamai, yara kuma suna amsawa da Turanci. Ina yin sallama matan falon suka zuba mini ido, wata ta ce, "Innalillahi! Ke ce? Haka kika rame?" Sai sannu daga kowane ɓangare, ana Allah ya ba ki lafiya. Matan nan su ne a da suke ce mini na samu hutu, Amurka ta karɓe ni.

Aka dire mini tire guda: shinkafa da wake irin na Kumasi, waina, da naman ragon suna. Cokali uku na yi cikina ya ce ya isa. Kun dai san mu, mayar da abinci a gidan dangi kamar zagi ne. Wata ta ce in daure in ci, wata ta fara raɗa. Na soma lalubo jakata in gudu.

Gwaggo ta kama wuyan hannuna ta ja ni ɗakinta ta tura ƙofa. Idonta fal hawaye ta ce, "'Yar nan, don Allah kada ki ɓoye mini. Ciwon daji ne?"

Dariya ta ƙwace mini, kafin in ankara ta koma kuka. Na gaya mata komai, tiyatar da maganin da shekara biyun da na yi a ɗaki. Ina jira ta ce rashin tawakkali ne. Sai ta ce, "Ashe kina can kina ƙonewa, mu muna nan muna yi miki barka da ƙiba. Ki yafe mana."

Da kanta ta ɗauko ɗan farantin kofin shayi, ta yanyanka mini tsoka ɗaya, ta fito falo ta ce, "Lafiyarta ƙalau, likita ne ya ƙayyade mata abinci. Duk wadda ta ce ta ƙara loma, da ni take." Har la'asar ina gidan. Na rungumi jaririya, na taka rawa har sau biyu.

Daf da magariba muka iso Tremont, ƙafafuna na zugi, raina fes. Ba zan ce muku damuwa ta tafi ba, har yanzu akwai safiyar da tashi ke yi mini nauyi, kuma maganina ina sha. Amma na gane ba a duba lafiyar mutum a kumatunsa, kuma ɓoye ciwo yana ƙara masa nauyi. In kuka daina ganin wata a taro, ku je ku ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ina cire takalmi Gwaggo ta kira, wai in gaya mata jirgin da za ta hau. Asabar mai zuwa tana tafe.