Kwalayen da Aka Raba a Kebbe

Mijina, Allah ya jiƙansa, ma'aikaci ne a sashen lafiya na ƙaramar hukuma a Tambuwal, amma mutumin Kebbe ne, can mahaifiyarsa da 'yan'uwansa suke. Abin shagala ɗaya na san shi da shi: yana son ya haɗa kwamfutar wasa da hannunsa. Tun yana karatu a Sakkwato ya taɓa buga wani wasa na tuƙin tirela a shagon wani mutum, inda za ka ɗauki kaya daga wata ƙasa ka kai wata. Shi da bai taɓa tuƙa abin da ya wuce babur ba, abin ya zauna masa a rai.

Na ce ya sayi haɗaɗɗiya mana ya huta. Ya ce haɗaɗɗiya wani ne ya zaɓa maka, kuma wanda ya zaɓa ɗin bai san zafin Tambuwal ba. Don haka ɗaya bayan ɗaya ya riƙa saye. In albashi ya shigo, aka ajiye hatsi, sai ya aika Sakkwato ko Kano, direba ya kawo masa kwali tasha.

Kafin ya sayi kowane, sai ya yi makonni yana duba waya. Bayan la'asar zai zauna bakin ƙofar ɗaki ya kira ni.

"Hajiya, zo ki gani." Haka yake kirana in yana neman magana, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. "Wanga allon, madabod, shi ne komi ka hawa bisa. Wanga ɗan ƙaramin kuma firosesa, shi ne ƙwaƙwalwa. In ba 'yan gida ɗaya ba ne, ko da taɓarya kika tura ba ya shiga."

"To ka sayo 'yan gida ɗaya, Malam."

"Shi nika yi. Amma wanga gidan sun cika zafi, wancan gidan sun cika tsada."

"Kamar neman aure."

"Awo. Ni dai na dace sau ɗaya, ba ni sa ran na biyu."

Katin hoto ne ya fi ba shi wahala, wato abin da ke zana duk abin da ido zai gani a wasan. Akwai wani babba da ransa ya biya, amma ya lissafa ya ga yana cin wuta sosai, solarmu ba za ta ɗauke shi tare da firijin da nake sanyaya zoɓon sayarwa ba. Sai ya koma kan matsakaici. Ya ce gara tirela ta tafi a hankali, zoɓo ya yi sanyi. Fanka kuwa har uku ya saya. Akwatin da za a zuba komai a ciki ni ya bar wa zaɓi, na zaɓi baƙi mai gilashi a gefe ɗaya. 'Yarmu, wadda lokacin ba ta shiga firamare ba, ya yi mata alkawarin ita za ta fara kunnawa.

Duk kwalin da ya iso, sai ya buɗe ya duba, ya mayar ya liƙe, ya ɗora saman wadirob. Kaya sun cika gab da damina. Ya ce sai ya karɓi hutunsa na shekara, don haɗi yana son natsuwa da tebur mai tsabta. Hutun bai zo ba zazzaɓi ya kama shi. Daga asibitinmu aka wuce da shi Sakkwato, can Allah ya karɓi abinsa.

Gidanmu na Tambuwal haya ne, don haka a Kebbe na yi takaba, a ɗakin Inna, mahaifiyarsa. Bayan arba'in aka kwaso kayansa don rabon gado. Magada su ne ni da 'yata, da Inna, da wansa da muke kira Yaya, da ƙanensa da ƙanwarsa. Ba a zalunci kowa ba, wannan zan faɗe shi ko ina. Yaya ne ma ya tsaya kai da fata fulotin da mamacin ya bari ya faɗa a kason marainiya.

Sai aka zo kan kwalaye. Kowane a liƙe yake kamar sabo, kowane da kuɗinsa daban, ƙanen ya duba a waya ya faɗa wa malamin da ke rabo. Abin ya zo musu da sauƙi. In kason wani ya ɗan gaza, sai a ɗora masa kwali ya cika. Ina jin su daga ɗaki, tsakar gidan ba nisa.

Wana, wanda ya zo daga Tambuwal ya tsaya mini, ya leƙo bakin labule.

"Ƙanwata, an ce ki zaɓi guda cikin kwalayen ga, shi za ya cika naki."

Na san abu ɗaya ne aka rarraba. Maganar tana bakina: a haɗa su wuri ɗaya, a sa a kason yarinya, a rage wani abu. Amma ɗakin cike yake da mata masu gaisuwa, ga Inna kusa da ni tana jan carbi. Na ji yadda zai fito, mace ba ta fita takaba ba tana jayayya kan kayan wasa.

Na ce, "Babban."

Aka turo mini akwatin, ba komai a cikinsa.

Da na fita takaba na koma gidan iyayena a Tambuwal. Yarinya ta riƙa leƙa gilashin tana tambaya yaushe za a kunna. Da abin ya ishe ni, na shirya na tafi Kebbe na faɗa wa Yaya komai. Ya riƙe baki.

"Subhanallahi! Ke kuwa, mi ya hana ki faɗi? Mu mun ɗauka kayan sayarwa ne ya aje."

Nan take ya shiga ɗaki ya fito da madabod da fankoki. Ƙanwar ta aiko da nata. Ƙanen ya riga ya sayar da katin hoton a Sakkwato ya sayi taki, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce in an yi girbi zai nemo irinsa. Saura firosesa, shi ya faɗa a kason Inna.

Na shiga wurinta, muka gaisa. Ban kai ga faɗin abin da ya kawo ni ba, ta jawo akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado, wanda take ajiye likkafaninta da turare. Ta ɗauko ɗan kwalin, a naɗe cikin wata tsohuwar hularsa.

"Kin ga rabona, ɗiyata. Ban san aikinai ba. In kewa ta taso mini, sai in ɗauko in riƙe, in ce shi ya zaɓo wanga da kainai." Ta shafa kwalin, ta mayar cikin hular. "Lafiya dai kika zo?"

Na ce lafiya lau, gaisuwa ce ta kawo ni.

Yaya yana tsaye a zaure yana jira. Ya dubi hannuna.

"Kin amso?"

"A bar mata, Yaya. Ka kuma ce wa ƙanenka kada ya wahal da kansa da girbi."

Daga baya ya kira mai babur, ya ɗaure sauran kwalayen da kansa, ya raka ni har tasha. Har yau ba a haɗa kwamfutar ba.