Kifin da Bai Hau Jirgi Ba

Na haura arba'in kafin in iya sa hannu. Da can dangwale nike yi, babban yatsa cikin tawada, kamar an kama ɓarauniya. Shi ya sa tun da na gama yaƙi da jahilci nan Wurno sa hannun mutane ke burge ni, balle na matuƙa jirgin sama da sunka fara yin abin da ba a taɓa yi ba. Ɗiyata mai koyarwa a Rabah ke nemo adireshinsu a waya. In faɗi wasiƙar roƙon sa hannunsu da Hausa, ta juya Turanci, ni in sa hannu da kaina. Wasu sun amsa. Takardunsu na cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwan fita unguwa.

Wadda raina ya fi so wata tsohuwa ce da ta ƙetare teku ita kaɗai cikin ɗan jirgi mai inji ɗaya, lokacin da maza ke cewa ba ta kaiwa. Ɗiyata ta ce ta tsufa ƙwarai, ta kusa daina amsa wa kowa.

To, babba ce. Wa ke roƙon babba hannu rabbana? Na aika Goronyo anka kawo min bandar tarwaɗa, na ɗaure tare da wasiƙar, na shiga motar Sakkwato. Tun daga Achida fasinjoji ke waige-waige.

Ma'aikacin gidan waya ya shinshina ƙunshin, ya ja baya.

"Inna, minene wanga?"

"Gaisuwa ce."

"Kifi ba ya fita waje."

"Matar da ta ƙetare teku za ka hana wa kifi? Kai, wa ya rene ka?"

"Kakata, Inna. Ita ma in ta zo da shi, hana ta zan yi."

Munka yi ta ja har layi ya kai ƙofa. Da anka kwance, wasiƙar ta sha mai, gefenta ya yi jawur. Ya ce in koma a sake rubutawa. Na ce haka za ta tafi, ko ƙamshin ya isa. Na dawo gida da kifina raina a ɓace. Na roƙi tsohuwa ba ko goro, da wane ido za ta dube ni?

Damina ta wuce, anka yanke shinkafa, shiru. Ran nan ina shanya tafarnuwa sai ga ɗiyata ta faɗo gida ko sallama babu, tana kaɗa ambulan. Na rangaɗa guɗa tun ba a buɗe ba! Hoton tsohuwar ne tana budurwa jikin jirgin, ga sa hannunta a ƙasa, a karkace don rawar hannu, amma nata. Ta ƙara 'yan layuka: wai kyanwarta ta kwanta bisa wasiƙata ta ƙi tashi, har ta cinye gefe guda, shin mi na shafa mata?

Ranar kasuwa na koma Sakkwato, na shimfiɗa hoton gaban ma'aikacin nan.

"Karanta. Gaisuwa ta isa ko ba ta isa ba?"

Ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki. Na aje masa tarwaɗa biyu tukuici.