Ƙamshin Gyada a Gidan Takaba

Ranar addu'ar arba'in ta maigidana, bayan mutane sun watse, yayana ya kira ni zaure ya gaya mini abin da dangi suka yanke. Da zarar na fita takaba zai zo ya kwashe ni zuwa Gecheme in zauna a gidansa, wannan gida na Dogon Dutsi kuwa a ba wani ma'aikaci haya. 'Yata tilo tana aure can Agadas, ba ta da inda za ta ajiye ni.

"Mace ɗaya cikin gida, mi za ki ci?" in ji shi. "Mai kai miki man gyada ofis-ofis ya tahi. Ba mu barin ki ki wulaƙanta muna kallo."

Zuciyata ta ƙi. Gidan nan ɗaki-ɗaki muka gina shi ni da marigayi, da man gyada da ƙuli-ƙuli. Kuma na san halina sarai. Ina da baki, ba zan yi wata guda ina cin tuwon matar yayana ba mu saɓa ba.

Abin haushin shi ne yaya yana da gaskiya. A sana'armu ni ce hannu, marigayi ne baki. Ni nake suya, in niƙa, in matse mai, shi kuma ya ɗaure kwalabe bayan moto, babur ɗinsa, ya bi makarantu da asibiti da ofisoshi yana rabawa, yana zuba musu surutu har su sayi abin da ba su yi niyya ba. Yanzu bakin ya tafi, ni kuma ina takaba, ko ƙofar gida ba na leƙawa.

Masu sayen manmu duk sun zo gaisuwa, ban raina ba. Malaman makaranta, matan jandarmomi, ma'aikatan asibiti, kowa ya zauna ya yi addu'a ya tashi. Daga nan sai suka yi ɓatan dabo. Ko mutum ɗaya bai aiko da kwalba ba. Nakan zauna bakin rumfa in yi ta lissafa su a raina ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ashe dama don shi suke saye, ni ba kowa ba ce. Na ji zafin wannan ƙwarai, har na ƙullaci wasu a zuci da ba su ji ba ba su gani ba.

Gidan ya yi mini girma. Bayan la'asar ne ya fi tsanani, lokacin da ya saba dawowa ya kife turmi ya zauna a kai, yana cin gyada mai zafi, ni ina ba shi labarin wuni. Yanzu in lokacin ya yi sai in ji kunnena yana jiran ƙarar moto, alhali na san moton yana ɗaki an rufe shi da tabarma.

Akwai buhunan gyada da ya sayo a Dumega da kaka, jibge a ɗakin ajiya. Wata rana na shiga na ga ƙwari sun fara yi musu hidima, na ce ai kuwa ba za ku gaje shi ba. Na hura wuta, na zuba rairayi a kasko, na soya tiya biyu, ba don kowa ba. Ƙamshi ya cika gida. Na juya zan ce, "Ɗanɗana ka ji," sai na ga turmi tsaye babu kowa.

A ranar na ɗauki salularsa. Yana da wani shafi a intanet da ya buɗe wa sana'ar, ba ya sa komai sai hoton kwalabe da lambar waya. Da can nakan tsokane shi in ce ya zama ɗan jarida da tsufansa. Ni na taɓa koyar da mata yaƙi da jahilci, rubutun Hausa ba ya ba ni wuya, yatsana ne dai ya yi wa haruffan girma. Na rubuta abin da da shi zan gaya wa. Na ce yau na soya gyadar Dumega, kuma ba da ido ake gane suya ta yi ba, da kunne ne, in ƙararta cikin rairayi ta koma kamar ta busasshen wake a ƙwarya. Ban ce kowa ya saya ba. Ban ma sa farashi ba.

Washegari na duba. Mutum ɗaya ne ya nuna ya gani, shi ma ban san shi ba. Na yi tsaki, na ce aikin banza. Amma da la'asar ta yi sai na sake ɗaukar wayar, don ba ni da wanda zan yi wa magana sai ita. Na rubuta yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan a kan niƙaƙƙiyar gyada ana juyawa da taɓarya har mai ya taso. Wata rana na rubuta dalilin da ke sa sabon mai kumfa a tukunya, da yadda ake gane wanda aka gauraya. Wata mata daga Sukukutane ta tambaye ni me ke sa ƙuli-ƙulinta ya watse cikin mai, na ce mata ba ta matse tunkuzar da kyau ba, ta daina sauri. Bayan kwana biyu ta rubuto ta ce ya yi. Ranar na ci abinci da yawa.

Man da na ci gaba da matsewa kuwa yana ta taruwa a jarka, ba mai saye.

Sai wata hantsi aka yi sallama. Ungozoma ce ta asibiti, wadda ta fi kowa sayen manmu a da, kuma ita na fi ƙullata. Ta zauna, muka gaisa, ta sake yi mini gaisuwar rashi, tana ta gyara mayafi kamar mai ɓoye wani abu. Can sai ta zaro kwalba fanko daga ƙarƙashinsa, ta ajiye tana kallon ƙasa.

"Inna, ashe kin koma suyar gujiya?"

"Na koma. Ku ne dai kunka bar ni."

Ta ɗago da sauri. "Mu? Wallahi Inna kumya munka ji. Ƙaƙa mutum za shi shigo gidan takaba da kwalba ga hannu, shi ce a auna mai? Ai sai a ce ba mu da ta ido. Man kanti muke ta ci muna tsaki. Jiya wata ta karanta muna rubutunki wurin aiki, munka ce to, tunda ita da kanta ta yi maganar mai, mu ma bakinmu ya buɗe."

Ni ma abin da ya hana ni aika musu ke nan. Yaya zan aika wa mutanen da suka zo mini gaisuwa in ce su sayi mai? Sai ka ce roƙo. Ashe wata da watanni muna zaune, su da kwalabe fanko, ni da jarka cike, kowa yana jin kunyar kowa. Na fara dariya, dariyar ta juye kuka, ita ma ta taya ni. Sannan na tashi na cika mata kwalbar har wuya.

Daga ranar hanya ta buɗe. Tsofaffin masu saye suka dawo, sababbi suka biyo su. Wanda bai taɓa ganin fuskata ba sai ya rubuto ya ce tunda na iya bayanin gaurayayyen mai haka, ya yarda nawa ba gauraye ba ne. Wani mai kabu-kabu ya riƙa ɗauka daga ƙofar gida, har Tibiri, har tashar motar Yamai. Tambayar da da sai marigayi ya amsa ta sau goma a wuni, yanzu in na rubuta sau ɗaya ta wadatar. Na gane rubutun yana yawo a madadina ina zaune cikin gida.

Sai dai masu karatu ba sa cin gyada mai zafi. Za su ce Allah ya ƙara basira, su sa hoton tafi, su wuce. In na kashe wayar, ni ce dai da kaji.

Mako guda bayan na fita takaba yayana ya iso, da motar da ya yi haya don kaya. Ya tarar da mata biyu da na ɗauka aiki suna murzar gyada, jarkoki jere a inuwa, mai kabu-kabu yana jira a waje. Na riga na shirya maganganun da zan gaya masa, na yi ta bitar su tun safe, har da inda zan ɗaga murya. Ya zaga ya duba, ya buɗe jarka ɗaya ya shinshina. Ya daɗe tsaye.

"To, ƙanwata," ya ce, "na ga kin tsaya da ƙahwahunki. Zamna abinki. Allah shi yi albarka."

Shi ke nan. Ya sha ruwa, na cika masa jarka ƙarama ya kai wa iyalinsa, ya ce yana so ya koma kafin rana ta yi zafi. Na raka shi har bakin mota. Gidan ya zama nawa, ba wanda zai fitar da ni, abin da na yi ta roƙon Allah ke nan. Amma da direba ya tayar da inji sai na kasa matsawa daga bakin motar. Na so ƙwarai ya sake cewa in zo mu tafi, ko sau ɗaya, don in ƙi. Bai ce ba. Ya ɗaga mini hannu ta taga, motar ta juya babu kaya a bayanta.