Sanusi, R da Sunayen 'Ya'yan Fari

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Sanusi, mutumin Gummi, kuma har yau ban yarda ya kayar da ni a musun da muka fara a Anka ba.

Zamanin aikin gubar dalma ne. Mu biyu aka ɗauka muna shigar da sakamakon gwajin jinin yara a kwamfuta, mu fitar da waɗanda za a sake dubawa. Ni manhajar lissafi ta SPSS na iya tun daga makaranta: ka latsa nan, ka latsa can, jadawali ya fito tsaf. Shi kuwa ya liƙe wa manhajar R, inda sai ka rubuta kowane umarni da hannunka. Nakan tsokane shi da mai noma da fartanya ga tarakta a ajiye. Ya taɓa gwada wata mai suna MATLAB, ya ce gwani ne a lissafi zalla, amma namu aikin na mutane ne.

"Kai dai yi ta latsawa," yakan ce. "In anka tambaye ka gobe ta ina kab bi, mi za ka nunawa?"

Kunyar iyaye mata ce ta ɗaure shi da R. A Tungar Guru da maƙwabtanta, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Yau ta kawo shi ta ce Baƙo, wani watan kaka ta ce Maigida, uba ya zo ya ce Abubakar. Sai yaro ɗaya ya zama uku a kwamfuta, ba a ganin ko gubar tana hawa ko sauka a jikinsa. Sanusi ya rubuta tsarin da ke gane yaro ta gidansu da sunan uwarsa, kowane layi da bayani a Hausarsa ta Gummi. Na sha ce masa SPSS ma ana rubuta mata umarni. Sai ya ce to in rubuta ya gani.

Tun da ya rasu, da tsarin nan muke aiki, kuma a nan kaɗai nake jin muryarsa. Bana ofis ya bar R ya koma manhajar Python, aka ce in juya komai, bayanan ma su koma Turanci, a ajiye tsohon. Ban ga laifinsu ba, sababbin ma'aikata ita suka koya. Da yana nan, na san zai yi mita, ya riga kowa iyawa.

Na gama, sakamako ya zo daidai da nasa, amma wallahi ban ji daɗi ba. Na yi kewarsa kamar ranar jana'iza.

Layi ɗaya na ƙi fassarawa, duk wanda ya buɗe sabon tsarin zai tarar da shi yadda ya rubuta: "Wagga Inna ba ta faɗin sunanai. Kak ku matsa mata, ku tambayi kaka."

Allah Ya haskaka kabarinka, Sanusi.