Ranar Da Surukaina Suka Dake Ni Da Rake

Sanƙona gado ne. Kakana na wajen uwa in ya cire hula a gona, tsuntsaye sauka suke yi, suna zaton tafki ne. Ni kuwa tun ina saurayi gashin goshina ya fara ja da baya, kafin in kai arba'in ya tattara ya koma ƙeya, can ɗin ma zaman haya yake yi.

Ban taɓa damuwa ba sai shekarar da maiɗakina ta haifi ɗanmu na huɗu. Tana gama wankan jego nata gashin ya fara zuba. In ta taje kai, abin da ke bin mataji ya isa a cika matashi. Ga mai kitsonta da hannu kamar filaya, in ta ja gashin gaba sai girar mutum ta koma tsakar ka. Gefe da gefe duk ya cinye. Ni kuma da bakina da ba ya hutawa na ce mata, "Kwantar da hankalinki, sai yanzu muka dace." Ranar tuwona ko miya bai gani ba.

Ran kasuwar Makarfi na tarar da wani mai magani a kan mota, da lasifika, yana rantsuwa cewa ya shafa wa ƙwarya maganinsa ta tsiro gemu. Na waiwaya ban ga wanda ya san ni ba, na sayi kwalba ɗaya. Baƙin mai ne, warinsa kamar an ƙona taya da tafarnuwa. Ya ce in dirje wurin da soso har ya yi ja, sannan in shafa. Na laɓe bayan rumbu na bi umarni.

Jama'a, na san wuta. Na taɓa taka garwashi, kunama ta taɓa harbina a hammata, duk wasan yara ne. Da gudu na tsoma kaina cikin kwatarniyar ruwan awaki, har na ji ruwan ya yi cuu. Washegari kaina ya yi bororo, ya fashe, ya zama gyambo. Na kifa hula na ƙi cirewa, na cusa kwalbar a ƙarƙashin rumbu.

Ashe maiɗakin tawa ta je neman ƙwan kaza ta ga kwalbar, da hoton wata mace mai gashi har gadon baya. Ita ma ta dirje ta shafa. Haka muka zauna a gida ɗaya, ni da hula, ita da ɗankwali, kowa na cije leɓe yana yi wa ɗan'uwansa murmushi, ba wanda ya san halin da wani ke ciki.

Ana haka ta tafi suna gidansu a Dandamisa. Mahaifiyarta ta matsa sai ta wanke mata kai, ta zare ɗankwali ta ga fata a saɓule, gashi ya fita guntu-guntu. Ta tambaye ta wa ya yi mata haka. Ita kuma ina za ta iya buɗe baki ta gaya wa uwarta cewa kwalliya take nema don miji? Sai ta fashe da kuka. Tsohuwa ta yanke hukunci nan take: na tuge mata gashi, na ƙona ta, kuma ta bar gidana ke nan. Ta tura mini 'ya'yanta maza uku, manoman rake, kowanne wuyansa ya kai turmi.

A bakin gonata suka same ni da hantsi. Na durƙusa wa babban.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya gida? Ya Inna?"

"Tana gaishe ka," in ji shi. Ya zaro rake daga damin da ke kan mashin ɗinsa ya shimfiɗa mini a gadon baya.

Wanda bai sha duka da rake ba, sunan rake kawai ya sani. Raken farko ya tsage a bayana, na biyu ya same ni a ƙwauri na kifa. Na tsakiyan cikin surukan ya hau ruwan cikina yana kirɓa kamar ya samu sakwara, autan yana zagaye yana neman inda ba a taɓa ba. Leɓena ya fashe, haƙori ɗaya ya yi sallama. Jini da ruwan rake suka haɗu a bakina, ga zafi ga zaƙi. Ni kuwa ban kare fuska ba, ban kare ciki ba, hannuwana biyu na kan hula.

"Ku daki ko'ina, ban da hula!"

"Au, hularka kake ji?" in ji babban. "Sake ta! Yanzu, a gaban mutanen nan!"

Lokacin maƙwabtan gona sun taru, amma ba wanda ya matso.

"In saki wa?"

"Ƙanwata, ɗan banza!"

"Yaya, ko za ku matse ni ku yi mazarƙwaila da ni, ba zan sake ta ba. Me na yi?"

Ya ƙara mini ɗaya a kafaɗa. Autan ya ce bari ya ga abin da ke cikin hular nan, ya sa hannu ya fizge. Hular da ta riga ta manne da gyambo ta fita da rabonta na fata. Ihun da na yi, daga baya wani ya rantse mini ya ji shi har can garin Kudan.

Sai suka dakata da dukan. Babban ya sunkuyo yana kallon kaina, guntun rake a hannunsa.

"Kai, wa ya yi maka wannan?"

"Ni na yi wa kaina. Maganin sanƙo ne."

"Irin na kanta ne sak," in ji na tsakiyan, yana sauka daga cikina.

"Kan wa?" na ce. Sai a lokacin na san dalilin dukana.

Suka ɗora ni a mashin kamar buhun barkono, sai Dandamisa. Tunda na yi aure ban taɓa haɗa ido da surukata ba, ranar kuwa ga ni durƙushe a tsakar gidanta, ba hula, ƙudaje na ɗaurin aure a kaina. Maiɗakina ta leƙo ta labule, ta ga kan, ta dafe baki. Kuka take ko dariya, har yau ban tantance ba.

"Inna, ba shi ba ne," ta ce. "A ƙarƙashin rumbu na tsinci kwalbar."

Tsohuwa ta dube ta, ta dube ni, ta ce wa babban ɗanta, "Kwashe mini mahaukatan nan ka kai su asibiti."

A can wata ma'aikaciyar jinya ta wanke mu tana faɗa. Ta ce zubar gashi bayan haihuwa yakan tsaya da kansa, ta sassauta kitso, ta ci abinci mai gina jiki. Nawa kuwa ta ce na gado ne, da likita na nema tun farko, ba mai lasifika ba.

Da muka fito, kawunanmu naɗe da bandeji, babban ya tsaya yana sosa ƙeya.

"To, ke ina za a kai ki? Dandamisa?"

"Wa zai gasa masa bayan da kuka farfasa?" ta ce. Ta gyara goyonta, ta hau mashin a bayana, ta ce wa autan ya ja a hankali, kada ya shiga rami da mijinta.